Lemon Tsohuwar Baturiya

A cikin abra, ƙaramin jirgin da ke ƙetarar da mutane zuwa Bur Dubai, Hamissou ya lura matar da ke gefensa tana riƙe da lemo wanda aka sossoke da kanumfari.

"Hajiya, wannan na shayi ne?"

"Na annoba ne, Malam. Tsohuwar Baturiyar da nake jinya ta haɗa. Ta ce irinsa kakanninta suke shaƙa a Ingila don kariya."

"Ah bon? Turawa ma da camfi?"

"Har taurari take dubawa kafin ta soka. Mu uku ta yi wa. Wai wanda nasa ya bushe ya tsira."

"In ya ruɓe fa?"

"Na direbanmu ya ruɓe. Ran Talata aka binne shi."

"Subhanallahi! Jefa shi ruwa mana, Allah ke tsarewa."

"Na sani. Amma taɓa mini ka ji, don Allah. Ni na kasa tantancewa."

Hamissou ya taɓa. Yatsansa ya nutse cikin lemon.

"Ya bushe, Hajiya," ya ce, yana goge hannu a bayan rigarsa.