Zanen Zumunta a Kashi na Biyu

A motar Samaru zuwa Sabon Gari, wata dattijuwa ta rungume sabon kaset na fim, ko ledarsa ba a cire ba. Mutumin da ke gefenta ya leƙa.

"Mama, kashi na biyu kika saya? Ai da kin yi tambaya."

"Me ya same shi?"

"Na farkon ya yi daɗi. Wannan kuwa har a rediyo an yi masa kaca-kaca. Wani ƙato aka ɗauko aka mai da shi kaka, murya kamar injin niƙa, yana rausaya cikin zanen Zumuntar Mata."

"Na coci?"

"Shi fa. Har da ƙunar dutsen guga ta baya. A gidan kallon Palladan ko murmushi ba wanda ya yi."

Ta dafe ƙirji. Tun Ista take neman zanenta mai wannan ƙunar, har ta daina gaisawa da maƙwabciyarta a kansa.

"Amma Nelson ce mini ya yi a fim ɗin shi ne babba a gidan."

"Ai kakar ce babba. Kin san shi ne?"

"Ni na haife shi. Matan zumunta na gayyata kallo yau da yamma, har da matar fasto."

Mutumin ya mai da idonsa taga. Sai da suka wuce Kwangila ta taɓa shi.

"Ɗana, faɗa mini gaskiya. Ya ɗauke mini zane, ya zama mace a gaban duniya, kuma ko mutum ɗaya bai yi dariya ba?"