Hannuna Ne Ya Canza Makin Hadiza

'Yan'uwana mata, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya tashe mu lafiya. Sunana Saratu, matar Bitrus malamin firamare. Yawancinku kun san ni a nan Daura, amma abin da zan faɗa yau ko maƙwabciyata ba ta san shi duka ba.

Ina aiki a wata jami'a, ba sai na ambaci sunanta ba. Litinin in tafi, Juma'a in dawo gida. Aikina shi ne shigar da makin jarrabawar ɗalibai a kwamfuta. Ƙaramar ma'aikaciya ce ni, abin da aka miƙo mini shi nake bugawa.

Wata rana wani babban malami a sashenmu, zan kira shi Dakta kawai, ya tsaya a kaina ya ɗora yatsa a kan sunan wata yarinya, Hadiza. Makinta sittin da biyu ne, kuma da hannunsa ya rubuta. Ya ce, "Mayar da shi talatin da ɗaya. Kuskure na yi."

Na ce, "Yallaɓai, ba za a sa hannu a kan gyaran ba?"

Ya ce, "Ke aikinki tambaya ne ko bugawa?"

Na buga. Takardar asali kuma na tura ta ƙasan durowa.

Bayan sakamako ya fito sai ga Hadiza a ofishinmu. 'Yar Mai'adua ce, mahaifinta manomi ne mai ɗan kiwo, ita ce ta farko a gidansu da ta taka jami'a. Ta ce, "Anti, don Allah ki duba mini. Wallahi na rubuta jarrabawar nan." Na dubi fuskarta na ce abin da ke kwamfuta shi ke nan. Da ta ga ba kowa sai mu biyu, ta faɗa mini cewa Dakta ya neme ta ta same shi a masaukinsa, ta ƙi. Na ce ta yi haƙuri. Haƙuri! Ni da na san komai!

Ta maimaita darasin. Shekara ta zagayo, Dakta ya sake zuwa, yatsansa a kan suna ɗaya. Na sake bugawa, na sake tura takardar asali ƙasan durowa. Wannan karon faɗuwar tana nufin kora.

'Yan'uwa, daga nan lafiya ta ƙi ni. Gyambon ciki ya taso, abinci ba ya shiga. In muka tashi waƙa a zumuntar mata ta coci sai muryata ta maƙale. Asibiti suka ba ni magani, amma ni na san inda ciwon yake.

Na faɗa wa maigidana. Ya ce, "Maman Yusufu, tun da aka fara shari'ar Musulunci a jihar nan muke takatsantsan, kuma muna zaune lafiya da kowa. Mutumin nan babba ne. Kina buɗe baki za a ce Kirista ce ta ɓata wa malami suna, magana ta koma ta addini." Ban ga laifinsa ba. Tsoron da ke cikinsa shi ne a cikina.

Wata Asabar da safe na zo sharar coci. Na tarar da Mama Ladi, shugabar zumuntarmu, ita kaɗai. Ta ce, "Saratu, kin rame. Zo mu yi addu'a." Muka durƙusa a tsakanin benci. Na buɗe baki zan roƙi warkarwa kamar kullum, sai abin da ya fito shi ne, "Ubangiji, hannuna ne." Na yi ta maimaitawa ina kuka. Shekara biyu ina cewa Dakta ne azzalumi, ni umarni na bi. A wurin nan na daina wannan ƙaryar. Na tashi da tsorona kamar yadda na durƙusa da shi, amma na san abin da zan yi ranar Litinin.

Akwai wani dattijo a ofishin rajista, Malam Lawal, Musulmi, mutumin Dutsi. Na je na zayyana masa komai. Ya cire tabarau ya ce, "'Yata, shari'ar da ake faɗa ai ita ma ta hana ɓoye shaida. Akwai kwamitin karɓar ƙorafi a makarantar nan. Dokarsu ta ce a ɓoye sunan mai kai rahoto, kuma kada a hukunta shi don ya yi magana. Amma ba zan ruɗe ki ba, doka a takarda take, mutane kuma baki gare su. Ki rubuta abin da idonki ya gani kawai, kada ki ƙara gishiri. Naki laifin ma ki sa."

Haka na yi. Na haɗa da takardun asali guda biyu da ke durowata, na miƙa, aka ba ni shaidar karɓa.

Ba a yi sati uku ba sunana ya fita. Har yau ban san ta bakin wa ba. In na shiga ofis sai hira ta mutu. Wadda muke cin abincin rana tare ta koma ci a wani wuri. Sai ga takarda daga shugaban sashe, wai an mayar da ni sito, wai ba ni da ladabi. Wata huɗu ina zaune a cikin karyayyun kujeru. Akwai ranakun da na ce da na sani da ban yi ba, ba zan ɓoye muku ba.

Malam Lawal ne ya ce in koma wa kwamiti da takardar canjin da shaidar karɓata. Shugabar kwamitin, wata farfesa, ta jera su ta dubi kwanan wata. Ta ce, "Wannan ramuwa ce, kuma dokarmu ta hana." Ta rubuta, aka mayar da ni kujerata. Ashe dokar nan tana da haƙora, sai dai tana bukatar wanda zai tashe ta.

Aka ba wani malami daga waje takardun jarrabawar Hadiza ya sake dubawa. Ta ci, duka biyun! Aka janye maganar korarta. Da labari ya bazu, wasu 'yan mata biyu suka fito da nasu. Aka sallami Dakta. Ni ma an ba ni takardar gargaɗi saboda hannuna a ciki, na karɓa, don na cancance ta.

Bayan Hadiza ta gama karatu ta zo har gidanmu da mahaifinta, sun riƙo zabi biyu. Tsohon yana ta sa albarka. Na ce, "Baba, dakata. Hadiza, ni na buga makin nan sau biyu, kuma na dubi idonki na yi miki ƙarya." Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "An gaya mini a kwamiti, Anti. Na yi fushi da ke ƙwarai. Shekarata guda ba za ta dawo ba. Amma na yafe." Maigidana da ke gefe ya tashi ya fita tsakar gida, don kada baƙi su ga hawayensa.

Gyambon ya lafa, ina cin abinci, ina waƙa. Yabo ga Ubangiji!

In akwai wadda take zaune a nan da wata gaskiya a cikinta, ba zan ce miki ba za ki sha wuya ba. Na sha. Ki nemi hanyar da doka ta tanada, ki adana shaidarki, ki nemi mai gaskiya ko ba addininku ɗaya ba. Amma ki fara da durƙusawa. Allahn da bai bar ni a sito ba, ba zai bar ki ba. Na gode wa Yesu. Amin.