Rabin Mudun Garin Kwaki

A shagon wani mai awo a Mabera, wata ɗalibar jami'a tana cinikin garin kwaki, wani dattijo kuma yana jiran a auna masa shinkafa.

"Ɗiyata, ba ku ne ake ba rancen karatu duk wata ba? Mi ya kai ki jayayya kan rabin mudu?"

"Baba, kuɗin nan tun ba su shigo ba an gama da su. Ga kuɗin mota, ga data, ga fotokwafi. Abin da ya rage shi ne na ciki."

"Rashin tsari ne. Tawa ɗiyar, Sadiyatu, tana karɓa, ban taɓa jin ta koka ba. Har maganin hawan jinin uwarta ita ke saye."

"Allah shi yi mata albarka. Kuna aika mata abinci daga gida?"

"Ta ce kar mu wahalar da kanmu, ya ishe ta."

"Haka ni ma nake ce wa babana."

"To ke, ya ishe ki?"

"Sau ɗaya nake ɗora tukunya, da la'asar. In ƙawaye suka tambaya, sai in ce azumi nake."



"Sadiyatu ma ta yawaita azumin nafila bana. Har yabonta na yi gaban ƙannenta."

"Wataƙila nata na gaske ne, Baba."

"Wataƙila." Ya juya ga mai shago. "Malam, raba shinkafar nan biyu, ka ƙara wake. Ɗiyata, a ina ake hawan motar jami'a?"