Bangon Galbusera da Aka Shafe da Fenti

Mai girma shugaban taro, mai girma magajin gari, Fada Egidio, uwarmu Ottavia matar marigayi, 'yan uwana kafintocin yankin Brianza, jama'a maza da mata, ina gaishe ku.

Na gode da aka tuna da tsohon kafinta irina, Tarcisio Radaelli, a ranar da ake mayar da wannan ma'aikata gidan tunawa da maigidana, Ermete Galbusera, mai zanen gine-gine da kayan ɗaki. Sai dai ba da farin ciki na tsaya gabanku ba.

An lissafa muku ayyukansa: makarantu, asibiti, fitilar tebur, da kujerar nan da ta cika gidajen Milano. Duk gaskiya ne. Abin da ba a faɗa ba shi ne inda yake zane. In gini ne, a ofis yakan zana shi a takarda, amma duk abin da hannu zai taɓa, ƙofa ce, kujera ce, mariƙin tukunya ne, a bangon nan yake zana shi da fensir, daidai girmansa, mu ɗora katako mu auna. Shekara arba'in da ɗaya haka muka yi. Na taɓa ce masa, "Maigida, takarda ce ta yi tsada?" Ya ce, "Kai Tarcisio, in na ba ka takarda cuku za ka naɗe da ita!"

Ranar Litinin aka turo masu fenti su gyara wuri saboda baƙi. Suka ga bango ya yi datti, suka yi masa shafi biyu. Garin neman gira an rasa ido. Ba na zarginsu, abin da aka sa su suka yi. Mu da muka sani muna gida muna goge takalman biki.

Yanzu awon nan ba ya ko'ina sai a kaina, ni kuwa shekarata tamanin da uku, hannuna rawa yake. Jiya na zauna in tuno lanƙwasar bayan kujerar da na haɗa sau dubu, ta ƙi zuwa. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Roƙona ɗaya ne. Kada a rataya hotuna a bangon nan. A bar mini shi, a ba ni mai riƙe fensir, ina faɗa yana zanawa. A fara gobe, don ban san abin da zai rage jibi ba.

Allah Ya jiƙan Ermete, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya mayar da kowa gida lafiya, ni kuma Ya ara mini kwana in gama faɗa.

Na gode.