Dakta Gershon, Mai Auna Tafiyar Ƙasa

Ranka ya daɗe Hakimi, Rabaran da dattawan ikilisiya, Alhaji Sambo da 'yan kasuwa, Mama Rosemary matar marigayi da yara, jama'ar Godogodo da Kafanchan, ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji.

Benci ɗaya muka zauna da Dakta Gershon a firamare, amma wallahi aikinsa ya fi ƙarfin kaina. Ya kasance mai sauraron sama don ya san halin ƙasa. Ya taɓa ce mini, "Gilbert, muna da manyan faya-fayai na ƙarfe, wani a Afirka ta Kudu, wani a Turai. Dukansu suna sauraron tauraro guda mai nisan gaske. Saƙonsa yakan riga isa ɗaya kafin ɗaya, da wannan ɗan jinkirin muke auna tazarar da ke tsakaninsu. Baɗi mu sake aunawa, sai mu ga ta canza." Jama'a, ashe ƙasar nan tafiya take, a hankali kamar tsiron farce! Ranar nan tsoron Allah ya kama ni.

Ya kasance namu, shi ya sa muka yi masa irin namu. Kun san ƙannensa, Meshak da Francis, sun daina gaisawa saboda iyakar gonar citta. Muka ce, to, mai auna duniya ai gona ba za ta gagare shi ba. Mu da Hakimi muka kai shi gonar, har da igiya. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Baba Hakimi, gonakin biyu tare suke tafiya, da iyakar, da masu faɗan. Ba abin aunawa a nan." Ba su ji ba, kuma abin ya ci masa rai har ya kwanta ciwo.

Meshak, ga ka can ƙarshen rumfa. Francis, kai ma ga ka wancan ƙarshen. Kun yi ta tambaya me ya sa ba a binne yayanku a bayan coci ba. Mama ta ba ni izini in faɗa: shi ya roƙa a sa shi a kan iyakar nan. Gobe za a yi wa kabarin siminti, kuma ya ce kada magini ya taɓa. Ku biyun nan, ɗaya ya kwaɓa, ɗaya ya shafe.

Mun gode da zuwanku. Ubangijin da ya shimfiɗa ƙasa ya ba bawansa hutu, ya ta'azantar da Mama, ya kai mutum biyu gona gobe da safe. Amin.