Kada Ka Goge Bidiyon

A wata rumfar gyaran waya kusa da Babbar Kasuwa, wata mata ta ja kunnen mai gyara kada ya goge mata bidiyo. Wata dattijuwa da ke jira a benci ta tanka.

"Na biki ne, 'yata?"

"A'a, Hajiya. Ɗana ne, lokacin da farfaɗiya ta kayar da shi."

"Subhanallahi. Yaro na shure-shure a ƙasa, ke kina ɗaukar hoto? Ai zane ake lulluɓa masa, a rufe ƙofa."

"Mun rufe ƙofar har mun gaji. Babu likitan ƙwaƙwalwa a asibitinmu, na wani gari ne yake duba mu ta waya. Kullum ya ce in kwatanta masa yadda abin yake tashi, ni kuwa kukana kawai nake tunawa. Da ya ga bidiyon sai ya canja magani. Tun azumi yaron bai sake faɗuwa ba."

"In mutane suka gani fa? Wa zai ba shi mata?"

"Su gani mana. Dangin mijina sun ce na tona asirin gida. Na ce asirin da ya fasa masa goshi a bakin murhu, na daina riƙe shi."

"Ku dai ba ku da kunya. Mu jikata ko maƙwabta ba su san..."

"Ita ma tana faɗuwa?"

"Ni ban ce ba." Hajiya ta juya wayarta a hannu. "Irin wannan tana ɗauka?"

"Tana ɗauka, Hajiya. Amma sai kin buɗe ƙofa haske ya shigo."