Makullin Ɗakin Karatu

Da sunan Allah Mai rahama nake buɗe baki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa.

Mai girma shugaban taro, wanda shi ne kuma shugaban kwamitin wannan ɗakin karatu. Mai girma sakatare. Mai girma ma'aji. Iyayenmu dattawa da ke kujerun gaba. Malamai masu daraja. Iyayenmu mata da aka ba rumfar da rabinta rana ce. Samari da ke tsaye. Yaran da aka kora sau uku suka dawo sau huɗu. Da kuma bawan Allahn nan da ke tsugune bayan lasifika, ya danne wayarta da yatsa don kada muryata ta yanke: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na tsaya gabanku ne a madadin babban baƙonku, shugaban gidauniyar da kuka aika wa takarda kuna roƙon ya zo ya buɗe muku wannan ɗaki. Ayyuka sun sha masa kai, sai ya turo ni, ni da nake na hannun damansa, da wannan jawabi da ya rubuta da hannunsa mai albarka. Ya ce in karanta shi tun daga farko har ƙarshe, kada in tsallake layi, kada kuma kowa ya katse ni, komai girmansa.

Ina godiya da irin tarbar da aka yi mini. Na makara awa biyu cur, kuka miƙe tsaye kuna tafi. An ba ni kujera mai hannu, an ba ni lemo mai sanyi, sakatare da kansa ya karɓi jakata ya rungume. Har zuwa yanzu babu wanda ya tambaye ni sunana, wannan kuwa alama ce ta tarbiyya.

Sakatare ya raɗa mini cewa bayan jawabi zan ɗauki makullin ɗakin nan, ga shi can a faranti an ɗaura masa jan ƙyalle, in damƙa wa wanda zai riƙa kula da wurin, wato ɗan mai girma shugaba. Za mu zo kan makulli. Kafin nan maigidana yana da magana uku.

Magana ta farko, littattafai. Labari ya iso ofishinmu cewa littattafai dubu ɗaya da ɗari biyu da ke cikin ɗakin nan ba kwamiti ne ya sayo su ba, ba gidauniya ce ta aiko su ba, ba kuma ruwan sama ne ya zubo da su ba. Na mutum ɗaya ne, wani mai buga wa jama'a takardu a shago, wanda kuke kira Mai Tabarau. Shekara goma sha uku yana tara su. Mutum ne da za a aike shi ya sayo wa jariri gidan sauro, ya dawo da gidan sauron a hammata ɗaya, littafin taurari a ɗaya hammatar, in an yi magana ya ce, "Ai yaron zai girma." Littafi ya cika ƙarƙashin gado, ya hau kan taga, ya shiga kabad ɗin kwanukan matarsa, har ta taɓa cewa da shi, "Ni dai ka gaya mini gaskiya, aure aka kawo ni yi ko gadin kanti?" Ranar da rufin ɗakinsu ya fara yoyo, bargon da suke rufa da shi ya cire ya lulluɓe littattafai, shi ya tsaya ruwa na ɗiga masa a ƙeya. Ranar da gara ta cinye masa guda uku, kwana biyu bai iya haɗiyar abinci ba. Wani maƙwabci ya leƙo ya ce, "Haba Malam, takarda ce fa, ba ɗa ba." Wannan maƙwabcin yana nan zaune a kujerun gaba, amma maigidana ya ce kada in nuna shi.

Kada ku yi mamakin yadda babban mutum ya san abin da ke cikin kabad ɗin matar wani. Manya suna da kunnuwa a wuraren da ba ku zato.

Magana ta biyu, na'ura. Wannan kwamfuta da aka lulluɓe da leshi a kan tebur kamar tana jin kunyar baƙi, gawa uku ce aka haɗa ta zama mai rai. Ɗaya an jefar da ita bayan wani ofis, ɗaya ta sha ruwa, ɗaya ta ƙone. Wata huɗu Mai Tabarau yana kwance wannan yana ɗaura wancan, ƙananan kusoshi a cikin murfin kwalba, har ranar da gilashinta ya kawo haske. Ya fito waje da gudu ba takalmi yana neman wanda zai nuna wa, mutumin farko da ya tarar ya ce masa, "To, tana yin cajin waya?"

Haka rayuwarsa take a cikinku. Wayarka ta ƙi kunnuwa, sai wurin Mai Tabarau. Ka manta lambar sirrin da kai ka saka da hannunka, sai wurin Mai Tabarau. Ɗanka zai cike takardar jarrabawa, matarka za ta nemi sakamakon asibiti, surukinka ya danna abin da bai sani ba wayarsa ta koma wani yare, duk sai wurin Mai Tabarau. Ba a yi masa sallama don a gaishe shi, ana yi ne da waya a hannu. Ya zauna cin abinci, a kira shi. Ya buɗe littafi, a ce, "Tun da ba abin da kake yi, duba mini wannan." In ta gyaru, a ce dama ba wata matsala ba ce. In bayan wata shida ta faɗa cikin bokiti, a ce tun ranar da Mai Tabarau ya taɓa ta ba ta sake zama daidai ba. Mai girma ma'aji, na ga kana duban ƙasa. Ban ambaci suna ba.

Ba na cewa bai taɓa jin daɗi ba. Akwai ranar da ya zaunar da wata tsohuwa gaban wannan kwamfuta, ta ga fuskar ɗanta da ke wata ƙasa bayan shekara bakwai, ta miƙa hannu tana shafa gilashin tana cewa, "Ka rame, ba ka cin abinci." Akwai yarinyar da ta karanta littattafansa goma sha ɗaya a hutu guda, ta zo ta ɗaya a ajinsu. Irin waɗannan ranaku ne suke yaudararsa ya ci gaba. In da ba su, da ya yi hankali tuntuni.

Magana ta uku, ita ce mai ɗaci. Wannan ɗaki tsohon wurin ajiyar tarkace ne. Shi ya roƙa aka ba shi, shi ya share kashin ɓera, shi ya ƙera kantoci da katakon akwatuna, shi ya yi ta jigilar littattafansa a baro. Ya manna wa kowane littafi lamba, ya shigar da lambobin a kwamfuta, wuta ta ɗauke aikin ya goge, ya sake daga farko, ta sake ɗaukewa, ya sake. Shekara guda yana buɗe wurin da yamma in ya taso daga shago, ba kwamiti, ba rumfa, ba lemo. Sai da yara suka fara yin layi a ƙofa, sai da aka ji ƙishin-ƙishin wata gidauniya tana taimaka wa irin wannan wuri, sannan aka haifi kwamiti, da haƙoransa talatin da biyu.

Aka yi fenti. Aka kafa allon ƙarfe a bango mai sunaye tara. An tabbatar mana babu nasa a ciki, wai wuri ne bai isa ba. Shekaranjiya kuma ɗan mai girma shugaba ya shiga ya gyara ɗaki saboda hoto. Ya sauke littattafan kaf, ya jera su bisa tsawo da launi, jajaye da jajaye, dogaye da dogaye, ya ɓamɓare lambobin wai suna ɓata kyan gani. Yanzu littafin kiwon kaji yana jingine da na lissafi saboda dukansu kore ne. Aikin shekara guda ya tafi a yini ɗaya. Mai Tabarau ya shiga ya gani. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya koma gida, matarsa ta ce, "Lafiya?" Ya ce, "Sun yi kyau a ido." Wannan shi ne mutumin da kuka ce ya danne wayar lasifika, wancan kuma, ɗan shugaba, shi ne wanda kuka ce in ba makulli, don ya kulle ɗaki ya riƙa buɗewa ranar da baƙi za su zo.

Jama'a, ina roƙon alfarma. Duk wanda Mai Tabarau ya taɓa gyara wa waya, ko ya cike masa takarda, ko ya ara wa ɗansa littafi, ya ɗaga hannu. Ku ɗaga sosai, iyayenmu mata, ba laifi ba ne. Mai girma shugaba, taka wayar sau biyu ce, ɗaga. To, ku dubi juna.

Saboda haka maigidana ya ba da umarni. Mai girma shugaba, taso ka ɗauki farantin nan da hannunka. Mai Tabarau, saki wayar nan ka zo, in murya ta yanke zan ɗaga tawa. Samari, ku ɗaga wayoyinku ku ɗauka, wannan tarihi ne. Miƙa masa, ranka ya daɗe. Riƙe, Malam, ba ya cizo. Madalla. A yi tafi.

Allah Ya yi wa wannan ɗaki albarka. Allah Ya tsare shi daga gara, da yoyo, da masu gyara saboda hoto. Allah Ya buɗe ƙwaƙwalwar yaran da za su shige shi, Ya saka wa iyayen da suka sha rana yau, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.

Saura 'yar magana guda, wadda ba ta cikin takarda.

Babban baƙonku bai turo kowa ba. Tun ranar Talata ofishinsa ya aiko da saƙo ta kwamfutar nan cewa ba zai samu zuwa ba, ba kuma wakili. Mai Tabarau ne ya karanta saƙon. Sau uku yana zuwa ya gaya wa kwamiti. Na farko aka ce ana taro, ya jira a waje. Na biyu sakatare ya ce, "Kai dai je ka ga mai janareta." Na uku shugaba ya miƙa masa waya ya ce ta daina ƙara. Ya koma gida ya gaya wa matarsa, ita kaɗai ta saurare shi, ita kuma ta gaya wa ƙaninta. Ni ne ƙanin. Ga Yayata can ta rufe fuska da mayafi tun da na hau nan. Yaya, ki yi haƙuri, ba ke kika aiko ni ba, zan faɗa ko a gaban wa.

Ni mai wanki da guga ne. Wannan riga ta wani mai kawo mana wanki ce, takalmin ma ba nawa ba ne, tun ɗazu yake gasa mini yatsu. Jakar da sakatare ya rungume awa guda, mayafan gado biyu ne a ciki, gogaggu. Jawabin nan ni na rubuta shi a kan teburin guga, da alƙalamin da muke sa wa kayan mutane alama. Sakatare ya leƙa takardar ɗazu ya ga ajami, ya gyaɗa kai, wataƙila ya ɗauka manya haka suke yi. Iyakar karatuna ke nan, na allo, kuma ina alfahari da shi. Na dai lura da abu guda a tarukan da nake kai wa kaya: in mutum ya makara, rigarsa ta sha sitaci, ba a tambayarsa ko shi wane ne. Kun saurare ni rabin awa saboda riga. Shi shekara goma sha uku yana cikinku, ba ku ba shi minti ɗaya ba.

Mai girma shugaba, kana iya karɓe makullinka. Ga shi nan, ga jama'a, ga wayoyi suna ɗauka. Tsorona ba kai ba ne. Tsorona shi ne mijin Yayata, don na san halinsa, ga shi har ya fara miƙa hannu zai mayar. Kada ka kuskura, Malam! Sa shi a aljihu. Ka san tun da ka auri Yayata nake tsokanarka. Ni na ɓoye maka tabarau a cikin tukunya, ni na sa maka suna Angon Takarda, sau uku kana cewa in zo ka koya mini karatun boko ina yi maka dariya. A duk taron nan, ina jin ni ne na fi kowa rashin amfani da ɗakin nan, don ko littafi ɗaya a ciki ba zan iya karantawa ba. To, gobe da yamma zan zo. Zan taya ka mayar da lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka fara mini daga baƙin farko. Amma sai in na tarar kai ne ka buɗe ƙofar.

Sakatare, miƙo mini jakata, mai rigar nan ƙarfe biyar zai zo karɓa.

Na gode.